Bokitin da na ɗaura wa Duna a wuya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da yake abin da ya kawo ni ba irin wanda aka saba gani a jarida ba ne. Maganar kare ce. Na san wani zai ce ana fama da tsadar gero da masara, ga wani dattijo yana maganar kare. Ina roƙonsa ya yi haƙuri ya karanta, domin a unguwarmu kaɗai gidajen da ke da kare sun fi a ƙirga da yatsu, kuma abin da ya same ni yana samun da yawa daga cikinsu, sai dai ba a faɗa.

Ni tela ne. Shekara talatin da 'yan kai ina kan keke a unguwar Yelwa a nan Garwa. Ban da ɗinki ina kiwon tumaki a bayan gida, kowace shekara nakan turke raguna uku ko huɗu saboda Babbar Salla. Sau biyu ɓarayi suna haura mini katanga, na biyun suka tafi da ragon da na yi wata bakwai ina ba shi dusa da harawa. Bayan wannan ne wani abokina Bafulatani da muke haɗuwa a kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya kawo mini ɗan kwikwiyo a cikin kwali, baƙi wuluk, da ɗan fari a ƙirji. Jikokina suka sa masa suna Duna. Tun da ya girma ba wanda ya sake taɓa mini ko igiyar tunkiya.

Da ya kai shekara biyu sai ya fara yawo. Duk lokacin da wata karya ta shiga neman namiji a unguwa, Duna zai tsallake katanga, sai ya kwana uku ba mu gan shi ba. Ya dawo da kunne a yage, wuya duk cizo, ƙafa yana ɗingishi. A waɗannan darare tumakina ba su da mai gadi, amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ban san da wane kare ya yi faɗa ba, kuma da safe jikokina ne suke kai masa abinci. Sannan akwai wani ciwo da na gani a jikin karen wani maƙwabcinmu, tsiro ja a gabansa yana ɗigar jini, wanda likitan dabbobi ya gaya mini wani irin ciwon daji ne da karnuka ke ɗauka daga juna wajen barbara. Da na haɗa wannan da wancan, sai na yanke shawarar a dandaƙe shi.

Na daɗe ina ja da baya kafin in kai shi, kuma dalilina tsoho ne. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka dandaƙe karen mahaifina a gabana. Aka zura kansa a buhu, maza uku suka danne shi, aka ce ni in riƙe ƙafa ɗaya. Mai aikin ya zo da aska, ya yi abin da zai yi, karen yana wani irin kuka da har yau in na tuna sai in ji shi a kunnena. Aka shafa masa baƙin mai da toka, aka sake shi. Rana ta biyar wurin ya cika da tsutsa, wari ba ya bari a matsa kusa. Ya ja jiki ya shige ƙarƙashin rumbu, a nan ya mutu. Manya suka ce kwanansa ne ya ƙare. Kwana kam na Allah ne, amma ni da na riƙe ƙafar na san da hannunmu a ciki. Har yau ana yin haka a garin nan. Wasu kuma sun koma ɗaure wa kare maraina da roba, wai su bushe su faɗi kamar yadda ake yi wa 'yan raguna na kwana kaɗan. Halittar kare daban ce. Azaba za ta sa ya yi ta gatsar wurin da haƙori har ya yaga kansa, wurin ya ruɓe, wani ma cutar tetanus mai sandarar da jiki ta kama shi.

Saboda haka na kai Duna wurin likitan dabbobi. Wannan a cikin watan Agusta ne, ruwa na tsakiya. An ce kada ya ci komai tun daga dare, domin kada ya yi amai yana cikin maganin barci ya shaƙe. Da safe aka ɗora shi a ma'auni, kilo 19, da wannan nauyi aka auna allurar da za a yi masa. Na roƙi likita ya bar ni in tsaya, na ce masa ni ma ɗinki ne sana'ata. Ya yarda, ya ce in tsaya daga bakin ƙofa. Na ga an aske wurin, an wanke shi da Bétadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau da yawa, an tsaga fata gaba kaɗan da jakar maraina, tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Ta nan aka fito da su ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaure jijiyoyin jini da zaren da ke narkewa da kansa a cikin jiki, aka rufe na ciki, sannan aka yi ɗinki huɗu a fata da zaren da za a cire daga baya. Duka aikin bai kai rabin sa'a ba. Duna bai motsa ba, bai yi ko ƙara ba. Na tsaya ina kallo ina tuna karen mahaifina, idona ya cika.

Da zan tafi likita ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, nawa aikin ya ƙare. Naka ne ya fara, kuma naka ya fi nawa tsawo. Kwana goma sha huɗu." Na ce to, amma a raina na ɗauka magana ce irin ta likitoci.

A motar wani maƙwabci muka dawo da shi. Daren farko yana tangaɗi kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya, jikinsa na rawa, ya yi fitsari a inda yake kwance. Na ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, da magariba na ba shi rabin abin da ya saba ci na tuwo da romo, ya amayar sau ɗaya, washegari ya ci ya riƙe. Duk an gaya mini zan ga haka, shi ya sa hankalina bai tashi ba. Ɗakin ajiya muka share masa, mai daɓen siminti, na shimfiɗa buhu na ɗora tsohon zane wankakke. Likita ya hana a bar shi ya kwanta a yashi, kuma dalilin ya wuce datti. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke yin ƙwai a cikin yashin da fitsari ya jiƙa, ko a jikin tufafi masu danshi da aka shanya a inuwa. In ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsar sai ta huda fata ta zauna a ciki, ka ga kumburi kamar maruru da ɗan rami a tsakiya. Karnuka ya fi kamawa, amma yana kama yara ma. Zafin guga yana kashe ƙwan. To guga kam ba a koya wa tela. Kullum da safe in zan goge ɗinkin mutane sai in fara da zanen Duna da dutsen guga na gawayi, in canza masa. A bakin ƙofar kuma na rataya tsohon gidan sauro saboda ƙudaje.

Yanzu ga maganar bokiti, wadda ita ce asalin wasiƙar nan. Likita ya ce dole a sa masa wani abu a wuya mai kama da mazurari, wanda zai hana bakinsa kaiwa ga raunin. Da Faransanci suna ce masa kolaret. Ya ce Turawan Ingila suna kiransa da sunan Sarauniya Elizabet ta farko, wadda ta rasu a 1603, saboda a zamaninta manya suna sa riguna masu faffaɗan wuya da ke tsaye ya kewaye fuska kamar faifai. Wannan ya burge ni a matsayina na mai ɗinka wuyan riga. Na kanti ba kullum ake samunsa a Garwa ba, in an samu kuma da tsada. Sai na sayi bokitin roba marar nauyi a kasuwa, na yanke gindinsa daidai yadda kan Duna zai shiga, na goge bakin yankan da fayil, na naɗe shi da auduga da ƙyalle na ɗinke da hannu yadda ba zai goge masa wuya ba. Na huda ramuka shida a kewaye, na zura igiya na ɗaure a jikin abin wuyansa. Awo biyu ne ke da muhimmanci. Bakin bokitin ya wuce ƙarshen hancin kare da kamar faɗin yatsa biyu, in bai wuce ba zai lanƙwasa ya kai ga wurin. A wuya kuma yatsunka biyu su iya shiga, in ya fi haka sakwa-sakwa zai tuɓe shi da ƙafa, in ya fi haka matsewa zai shaƙe shi. Kwanon abinci ya zama ƙarami wanda zai shige cikin bokitin, a ɗora shi a kan bulo. Da na sani da na nemi roba mai haske wadda ake gani ta cikinta, domin shuɗin bokitin ya toshe masa ganin gefe, ya riƙa karo da bango da ƙofa.

Kwana uku komai lafiya. Dare na huɗu ya fara kuka. Ba haushi ba, wani siririn kuka ne ta hanci, yana juyi, yana buga bokitin a bango, yana ƙoƙarin kai kansa baya. Da rana dama wani dattijo maƙwabcina ya leƙo ya gan shi, ya ce, "Malam, wannan ai wahalar da shi kake yi. Tun kaka da kakanni kare da harshensa yake jinyar kansa, yawunsa magani ne." Na girma ina jin wannan magana, kuma wanda ya faɗa mini ita ya girme ni. Bayan sallar isha'i na shiga ɗakin, Duna ya ɗago kai ya dube ni ta cikin bokitin. Tausayi ya kama ni. Na ce bari in cire masa na dare ɗaya ya samu ya yi barci, da asuba in mayar. Ba wanda ya sa ni, ni na kwance igiyar da hannuna.

Da asuba na haska tocila. Zare biyu cikin huɗu babu su. Raunin ya buɗe baki, ja jawur, jakar ta kumbura ta kai girman lemun zaƙi, zanen duk ɗigon jini da ruwa. Kafin hantsi, ina ɗaga gidan sauron don in fito da shi, koren ƙudaje sun fara sauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Likita ya duba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Baba, wa ya cire?" Na ce, "Ni ne, Likita." Ya wanke wurin da ruwan gishiri na asibiti, ya duba lungu-lungu ko ƙuda ya riga ya yi ƙwai, domin ya ce akwai irin ƙudan da ke yin ƙwai a bakin rauni, cikin kwana ɗaya su ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga cin nama mai rai. Allah ya taimake mu babu. Bai sake ɗinke wurin ba. Ya ce raunin da baki ya riga ya shiga, in aka rufe shi an rufe ƙwayoyin cuta a ciki, gara a bar shi ya cike daga ƙasa zuwa sama a hankali. Ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda, ya ce in riƙa wankewa safe da yamma. Jinyar kwana 14 ta koma ta kwana 24, kuɗin da na kashe a komawa ya kusa kai na aikin kansa, wahalar da na so in rage wa Duna ta dare ɗaya na ninka masa ita kwana goma.

A hanyar dawowa na yi ta tunani a kan abin da ya kamata tela ya fi kowa ganewa. Ɗinkin yadi da ɗinkin fata ba ɗaya ba ne. In na haɗa ƙyalle biyu, ina ɗaga ƙafa daga keke ɗinkin ya kai iyakar ƙarfinsa. Ita fata zare ba ya haɗa ta, riƙe bakinta kawai yake yi kusa da juna kafin jiki ya saƙa nasa zaren daga ciki. A kwanakin farko ba abin da ke riƙe da raunin sai zaren likita, saƙar jiki ba ta fara ƙarfi ba sai wajen kwana biyar zuwa sama. A daidai wannan lokaci kuma ƙaiƙayi yake tashi, saboda wurin ya fara warkewa, gashin da aka aske ya fara tsirowa. Kenan daren da kare ya fi son kai baki shi ne daren da raunin ba zai iya jurewa ba. Harshen kare yana jiƙa zare da fata har su yi laushi, haƙoransa na gaba kuma suna tsinke zare kamar yadda nake farke ɗinki da reza. Bakin da ke cin mushe a juji, yake lasar gindinsa, shi ne muke cewa magani. Karen daji da ya ji ciwo yana lasa ne don ba shi da kowa. Waɗanda lasar ba ta cece su ba suna mutuwa a ƙarƙashin kurmi, ba mai ganinsu balle ya ba da labari.

A cikin kwanakin nan na sha shawarwari, duk daga masu nufin alheri. Wani ya ce in fasa kafso in barbaɗa. Wani ya ce baƙin mai yana korar ƙuda. Wata 'yar'uwar uwargida ta kawo ibuprofen ɗin da take sha don ciwon gwiwa. Ina so masu karatu su ji wannan da kyau. Ibuprofen da diclofenac da muke saye a farmasi ko a teburin mai magani suna huda wa kare ciki su lalata masa ƙoda, ƙwaya kaɗan ta isa. Paracetamol ma in ya wuce kima yana lalata masa hanta, kyanwa kuwa kashe ta yake yi. Kare yana jin zafi kamar yadda muke ji kuma yana buƙatar magani, amma wanda likita ya auna da nauyinsa. Duna meloxicam aka ba shi, sau ɗaya a yini, tare da abinci. Baƙin mai guba ne, duk abin da ka shafa wa kare ka ɗauka cikinsa zai tafi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganin feshin auduga. Yankinmu na noman auduga ne, kusan kowane gida na da ragowar kwalba, kuma mutane suna zuba wa karnuka don kaska ko tsutsa. Na san gida biyu da karensu ya mutu yana kumfa da karkarwa a yinin da aka zuba masa. Ko sifirit ba a so a riƙa zubawa a buɗaɗɗen rauni, yana ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Raunin da ɗinkinsa ke nan lafiya ba ya buƙatar komai sai a bar shi a bushe.

Dubawa kuwa sau biyu nake yi, bayan sallar asuba da bayan la'asar, da tocila, babban jikana yana riƙe masa kai yana shafa masa ƙirji. Ɗan ja a bakin ɗinki, ɗan kumburi, ɗigon ruwa mai haske a kwana ɗaya ko biyu na farko, wannan ba komai. Jakar da aka bari fanko takan ɗan cika har mutum ya yi zaton ba a cire komai ba, da makonni sai ta motse. Abin da zai sa ka tashi ka tafi ba tare da jiran gobe ba shi ne mugunya, ko wari, ko rauni ya buɗe, ko jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi yana ƙaruwa yana zafi. Haka nan in kare ya wuce yini guda bai ci ba, ko ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari maimakon ja-ja, wannan na iya nufin jini na zuba a ciki. Waya ta sauƙaƙa abu. Jikana yakan ɗauki hoton wurin mu tura wa likita ta WhatsApp, ya ce a ci gaba ko a zo.

Tsare shi ma wani aiki ne. Daga kwana na uku kare yana jin ya warke, yana son gudu da tsalle, kuma tsallen nan shi ke sa jini ya taru a jakar. Sau uku a yini nake fita da shi da igiya ya yi bahaya a bayan gida mu dawo. Ba wanka, ba shiga ruwan sama, yaran da suka saba binsa zuwa bakin kogin Binuwai na hana su. Gadin tumaki ni da autana muka raba, muna kwana a zaure. Wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba, karen da aka dandaƙe yana iya yi wa karya ciki har zuwa kamar mako shida bayan aikin, saboda ragowar da ke cikin hanya. Wanda kuma karya ce aka cire wa mahaifa, ya ninka kulawa, domin ita cikinta aka buɗe, in ɗinkinta ya farke hanji ne zai fito.

Kafin in kai Duna na je wurin limamin masallacinmu na ce, "Allah ya gafarta Malam, mene ne hukuncin wannan?" Ya ce malamai sun yi saɓani a kan dandaƙar dabbar da ba a cin namanta, wasu sun ƙi, wasu sun yarda in akwai amfani ko kauce wa cuta, amma azabtar da dabba babu wanda ya yarda da shi. Ya tuna mini cewa shari'a ta yarda da riƙe kare don gadin dabbobi da gona da farauta, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne. Ya kawo hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Na biyun ya zauna mini a rai duk kwanakin da Duna ke kulle a ɗaki. Ni na kai shi aka yanka shi, bai roƙe ni ba. Ni na kulle shi. Cinsa da shansa da tsabtar inda yake kwance da raunin nan duk sun hau wuyana. Addinin da ya ce in za ka yanka rago ka wasa wuƙa ka hutar da shi ba zai yarda ka tsaga dabba ka sake ta ga ƙudaje ba.

Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba, dandaƙa ba rigakafin haukan kare ba ce. Tana rage yawo da faɗa, tana rage 'yan kwikwiyon da ake zubarwa a kwata, amma allurar rigakafi dabam take, kuma ita ce ke tsare 'ya'yanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ne cutar nan ke kashewa a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Maƙwabtanmu na Njamena sun nuna abin yana yiwuwa. A 2012 da 2013 an bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura kyauta, aka samu fiye da kashi 70 cikin ɗari, cutar ta ja baya ƙwarai a birnin. Mu a nan muna da LANAVET a Bokle, a gefen Garwa, inda ake haɗa alluran rigakafin dabbobi, muna da makarantar likitocin dabbobi a Jami'ar Ngaundere. Masu ilimin suna nan kusa da mu. Tsakaninsu da mai kare a Yelwa ne hanya ba ta buɗe ba.

Ga abin da nake roƙo, albarkacin ranar 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don yaƙi da haukan kare. Takardar bayanin jinya da aka ba ni da Faransanci aka rubuta ta, sai da jikana ya dawo daga makaranta ya karanta mini, wasu kalmomin shi ma ya yi ta tuntuɓe. An rubuta cewa kada a cire kolaret, amma ba a rubuta dalili ba, ba a ce dare na huɗu zai yi kuka kuma kukan ba na azaba ba ne, na ƙaiƙayi ne. Da na san wannan da ban kwance igiyar ba. Ina roƙon likitocin dabbobi su fitar da shafi ɗaya da Hausa da Fulatanci, da boko da ajami, a ba duk wanda ya kawo dabba aiki. Gidajen rediyonmu da ke da filin noma da kiwo su ba kare minti goma. Wannan jarida ma, Malam Edita, in za ta gayyaci likitan dabbobi ya riƙa amsa tambayoyi ko da sau ɗaya a wata, da yawa za mu amfana, domin shanu da tumaki suna da masu magana a kansu saboda kuɗi ne, shi kuwa mai gadinsu ba shi da kowa. Wanda kuma bai matsu ba, a ganina ya jira sanyi ya shigo kafin ya kai karensa, lokacin ƙuda ya ragu. Ni da damina na yi, na ga abin da ke ciki.

Duna ya warke. Tabon ɗan siriri ne, gashi ya rufe shi. Masu cewa karen da aka dandaƙe ba ya haushi su zo bayan gidana da dare su ji. Sau ɗaya ya tsallake katanga a makonnin farko, tun daga nan bai sake ba, kunnensa da ya saba zama a yage ya haɗe. Ya fara ƙiba, na rage masa tuwo kamar yadda likita ya ce. Bokitin na wanke shi na rataye a ƙusa a shagona, kusa da inda nake rataya awo. Mutum biyu sun riga sun ara, ɗaya don karya, ɗaya don ɗan akuya da aka yi wa ɗinki a ƙafa. Duk wanda ke Garwa yake so a haɗa masa daidai wuyan karensa, ya zo da bokitinsa da igiyar da ya auna wuyan da ita, ya tambayi shagon telan da bokiti ke rataye a ciki. Auduga da ƙyalle ina da su, ba sai ya biya ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wani tela mai kiwon tumaki,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.